Da gaske kalmar weird ƙaddara take nufi a tsohon Turanci?

MalamAuwal_Adabi:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masana harshe da ke cikinmu ce. Kowa ya san yadda yaran yanzu suke amfani da kalmar weird: mutum ya yi shiga wata iri, ko ya yi magana bambarakwai, sai su ce ai shi weird ne. To amma a wasan kwaikwayon Makbet na Shekspiya, matan nan uku da suka tare Makbet a hanya suka ce masa zai zama sarki, weird sisters ake kiran su, kuma bayanin ƙasan shafi a bugun da nake koyarwa da shi ya ce ma'anar ita ce mata masu riƙe da ƙaddara. Ta yaya kalma mai nauyin ƙaddara ta gangaro har ta zama abin da yara suke tsokanar juna da shi? Sannan ƙaddarar da suke nufi a wancan zamanin, irin tamu ce ko wani abu ne daban?

Bakatsine77:
Wa alaikumus salam. Yau na fara jin wannan wallahi. Muna nan muna jiran malamai.

MaiSaiwarKalma:
Wa alaikumus salam Malam Auwal. Bayanin littafinka daidai ne. A tsohon Turanci, wato harshen mutanen Ingila kafin mayaƙan Normandi su ci ƙasar a 1066, wyrd ake rubuta kalmar, kuma suna ce, ba sifa ba. Ba a cewa wane wyrd ne, sai dai a ce wyrd ɗinsa ta same shi. Ta fito daga aikatau weorthan, ma'ana zama ko kasancewa. Wannan aikatau ya mutu a Turanci, amma ɗan'uwansa yana nan da ransa a Jamusanci, shi ne werden. Saboda haka asalin ma'anarta abin da ya kasance, abin da ke aukuwa ga mutum. In aka ƙara tonawa, masana suna kai saiwar ga wata tsohuwar kalma mai ma'anar juyawa, wadda ita ce ta haifi vertere a Latin. Wato dai yadda al'amari ya juya.

Inda za ka ji nauyinta sosai shi ne waƙar jarumtar nan ta Beowulf, mai layi sama da 3,000. Kwafi ɗaya tak ya rage a duniya, an rubuta shi a kan fata wajen shekara ta 1000, gobara ta lashi gefunansa a 1731, yanzu yana ajiye a babban ɗakin karatu na Birtaniya a Landan. A ciki, jarumin zai kwana a fadar wani sarki don ya yi kokawa da dodon da ke cinye mutane da dare, kuma ya ce ba zai riƙe takobi ba. Sai ya bar wasiyya: in dodon ya kashe ni, ku aika wa sarkina sulken nan da ke ƙirjina. Daga nan ya rufe da cewa wyrd tana tafiya ne yadda ya zame mata dole. Wannan shi ne layi na 455.

Ummu_Hanan:
Ikon Allah. Ai wannan "ƙaddara ta riga fata" ce kawai da wani harshe. Har da wasiyya kafin fita fagen fama, kamar dai mutanenmu na da.

Gwani_na_Tsangaya:
Malama Ummu Hanan, a yi a hankali wajen daidaita su. Ƙaddara a wurinmu rukuni ce ta imani, kuma tana da Mai ita: Allah ne Ya sani, Ya rubuta, Ya so, Ya halitta. Maganar da Malam MaiSaiwa ya kawo kuwa, ita wyrd ɗin ce take tafiya da kanta, ba a ambaci wanda ya aiko ta ba. Wannan ya fi kama da abin da Larabawan jahiliyya suke kira dahru, wato zamani. Alƙur'ani ya kawo maganarsu a Suratul Jasiya aya ta 24, inda suke cewa babu abin da ke halaka su sai zamani. Waƙoƙinsu cike suke da kukan dahru da manaya, wani ƙarfi makaho da ba ya jin roƙo. Musulunci ya zo ya gyara wannan fahimtar. Don haka ni ba zan fassara wyrd da ƙaddara kai tsaye ba.

DalibinAdabi_22:
Allah gafarta Malam, maganarka tana kan hanya. Ai ma gunkiya ce. A tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai akwai mata uku da ake kira Norn, suna zaune a bakin wata rijiya a gindin bishiyar da suka ce ta riƙe duniya, su ne suke yanke wa kowane jariri kwanakinsa. Sunayensu Urd, Verdandi da Skuld. Urd ɗin nan ita ce wyrd, saiwa ɗaya ce. Turawan Ingila bauta mata suke yi kafin Kiristanci.

MaiSaiwarKalma:
Ɗalibi, rabin farko na maganarka haka yake: Urd da wyrd 'yan gida ɗaya ne. Amma labarin matan uku daga littattafan Aisilan ya zo mana, waɗanda aka rubuta a ƙarni na 13, ba daga Ingila ba. Babu wani rubutu da ya nuna mutanen Ingila suna da wurin bautar wata gunkiya mai suna Wyrd. Masanan ƙarni na 19 ne suka riƙa ɗora labarin Aisilan a kan waƙoƙin Ingila saboda sha'awar gano maguzancin kakanninsu, daga baya wasu masanan suka yi musu raddi mai ƙarfi. Kada mu manta cewa Kiristanci ya fara kafuwa a tsakaninsu tun zuwan mai wa'azi Augustine yankin Kent na Ingila a 597, kuma kusan duk abin da ya iso mana a rubuce, hannun malaman coci ne ya rubuta shi.

Allah gafarta Malam Gwani, ga abin da nake so ka duba. Akwai wani littafin falsafa da Boethius ya rubuta da Latin yana tsare a kurkuku a Italiya wajen 524, yana jiran kisa. An juya shi zuwa tsohon Turanci, kuma ana jingina aikin ga Sarki Alfred wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899. A can mai fassarar ya ce abin da Ubangiji Ya tsara, muddin yana cikin saninSa bai auku ba, sunansa tanadin Ubangiji. Idan ya auku a duniya, to shi ake kira wyrd. Har ya ce wyrd aikin Ubangiji ne da Yake yi kullum. Ka ga a bakin wannan marubucin kalmar tana da Mai ita.

Gwani_na_Tsangaya:
To wannan kam ya matso kusa. Malaman tauhidi ma sun yi irin wannan rabon tsakanin ƙada'u da ƙadar, ɗaya hukuncin da ya gabata tun azal, ɗaya zartuwarsa a lokacinsa, sai dai sun saɓa kan wanne ne wanne. Amma ina nan kan bakata game da jarumin waƙar. Mai fassarar falsafa malami ne. Mayaƙin da zai shiga kokawa da dodo, me yake ji a zuciyarsa in ya faɗi kalmar? Mai yiwuwa tsohuwar ma'anar ce take bakinsa, ko da wanda ya kwafe waƙar ɗan coci ne.

Direban_Dogon_Zango:
Ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma ku bar ni in sa baki, don kalmar ƙaddara ba wanda ya kai mu direbobi jin ta. Wani yaron motata da ya samu motar wani yana tuƙawa, tayarsa ta gaba ta cinye har zare ya fito. Na sa yatsa na nuna masa, na ce kada ka ɗau hanya da wannan. Ya ce mai motar ya ce a lallaɓa zuwa ƙarshen wata. Tayar ta fashe da lodi a kan gangara, shi ya rasa ƙafa, wani fasinja da ya roƙi a rage masa hanya ya rasu. Da muka je jaje, mai motar yana zaune kan tabarma yana ta cewa ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na san komai da sanin Allah, amma raina ya ɓaci ranar. Zaren tayar nan da idona na gan shi.

Nana_Unguwarzoma:
Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ya ba yaron lafiya. Baba Direba, abin da muke fama da shi ke nan a ɗakin haihuwa. Mace ta kwana biyu tana naƙuda a gida, sai jini ya ƙare mata a kawo ta a bayan a-daidaita-sahu, leɓɓanta sun yi fari. In ta cika a ce kwananta ne ya ƙare. Eh, ya ƙare, amma wa ya hana a kawo ta tun jiya?

Gwani_na_Tsangaya:
Amin. Wannan ba karantarwar addini ba ce ko kaɗan. Sayyidina Umar yana kan hanyar Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara ya yanke a juya. Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce na'am, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Kuma mai raƙumin nan cewa aka yi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Ana kafa hujja da ƙaddara wajen haƙurin musiba, ba wajen wanke sakaci ba.

MaiSaiwarKalma:
Abin sha'awa, waƙar Beowulf ɗin ma ba ta bar mutum ya naɗe hannu ba. Akwai inda jarumin yake ba da labarin yadda ya kwana yana faɗa da namun teku, sai ya ce sau da yawa wyrd takan kuɓutar da wanda kwanansa bai ƙare ba, in dai ƙarfin zuciyarsa bai gaza ba. Ku lura da sharaɗin ƙarshen.

Sani_Akanta:
Tunda ana maganar kalmar, don Allah a taimaka a daina rubuta "ƙaddarorin gwamnati" a kafafen labarai. Gida da fili da mota kadara ce, jam'inta kadarori. Ƙaddara daban. Kullum sai na ga an rubuta kotu ta ƙwace ƙaddarorin wane.

Bakatsine77:
Gaskiya ne Malam Sani, har a rediyo ana haɗa su.

MalamAuwal_Adabi:
Na ƙaru ƙwarai, Allah ya saka. Amma har yanzu rabin tambayata na nan. Na gane nauyin kalmar a da. Ta ina ta bi ta zama "wani iri"?

MaiSaiwarKalma:
Ta hannun littafin da kake koyarwa ta bi, Malam.

Bayan 1066 Faransanci ya zama harshen fada da kotu a Ingila, kalmomin Faransanci da Latin suka kwararo. Destiny da fortune da fate duk baƙi ne, su suka ture 'yar gida. Mawaƙin Ingila Chaucer a ƙarni na 14 ya yi amfani da wyrd da tsohuwar ma'anarta, amma a kudancin Ingila ta yi ta dusashewa. A arewa ne, musamman Sikotlan, ta ci gaba da rayuwa. Wani malamin coci na can, Andrew na Wyntoun, da ya rubuta tarihin ƙasarsu a waƙe wajen 1420, ya ce Makbet ya ga mata uku a mafarki, kuma ya kira su da wannan suna. Labarin ya bi hannun marubutan tarihi har ya shiga littafin tarihi na Holinshed, wanda aka buga a 1577 aka sake bugawa a 1587, kuma daga nan Shekspiya ya ɗauko. Shi Holinshed sai da ya tsaya ya yi wa masu karatunsa bayani cewa ana nufin allolin ƙaddara mata. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa mutumin Landan na lokacin bai san kalmar sosai ba.

Shekspiya ya rubuta wasansa wajen 1606. Da aka buga shi a 1623, kalmar ba ta ma fito da rubutun da muka sani ba, wani wuri weyward, wani wuri weyard. Wani mai tace littafi, Lewis Theobald, shi ya mayar da ita weird a bugunsa na 1733, yana kafa hujja da littattafan tarihin.

To yanzu ka sa kanka a matsayin ɗan kallo. Ba ka taɓa jin kalmar a ko'ina ba sai a jikin waɗannan matan. Me kake gani a dandamali? Tsofaffi yamutsattsu, leɓɓa sirara, yatsu duk faso, ga gemu, har Banquo, abokin tafiyar Makbet, yana cewa ya kamata a ce mata ne amma gemunsu ya hana shi yarda. Suna zagaya tukunya suna jefa idon ƙadangaren ruwa da yatsan kwaɗo. Dole ka ɗauka kalmar siffar su take bayyanawa. A haka suna ya koma sifa. Zuwa farkon ƙarni na 19 mawaƙa irin su Shelley suna amfani da ita ga duk abin da ke sa tsigar jiki ta tashi, abin da ya yi kama da na aljanu. Daga ban tsoro ta sauko zuwa baƙon abu, daga nan zuwa abin da bai saba da al'ada ba kawai. A 1923 aka fara wata mujalla a Amurka mai suna Weird Tales, ta labaran dodanni da fatalwa. Wajen shekarun 1950 kuma aka samu weirdo, mutumin da ba a gane kansa.

Ummu_Hanan:
Wato rashin fahimtar 'yan kallo ne ya sauya wa kalma ma'ana har abada. Abin da ban tausayi.

DalibinAdabi_22:
Akwai wani abu kuma. A bugun Holinshed na 1577 akwai zanen haɗuwar, kuma matan da aka zana ba tsofaffin banza ba ne, sanye suke da tufafin alfarma kamar matan fada. Shekspiya ne ya mai da su abin ƙyama. Kuma da dalili: sarkin da ke kan gado lokacin, James, ɗan Sikotlan ne da ya hau sarautar Ingila a 1603, ya yarda da maita sosai, ya halarci tuhumar waɗanda aka zarga da ita a garin North Berwick na Sikotlan wajen 1590, har ya rubuta littafi a kai a 1597. Kuma ana ɗaukar sa jikan Banquo. Mai wasa ya san wanda zai kalla.

Sadiya_a_Gilasgo:
Salam. Karatu ya kawo ni Sikotlan, bari in ƙara abin da na sani. Akwai wata tsohuwar magana tasu, dree your weird, wato ka jure abin da aka rubuta maka, kusan yadda muke cewa a rungumi ƙaddara. Marubucinsu Walter Scott ya sa ta a littattafansa, shi ya sa ta yaɗu. Amma kada wani ya ɗauka ana jin ta a kasuwa ko a bas. Abokan karatuna weird ɗinsu irin ta yaran Malam Auwal ce. Dattawa da masu son tsohon harshensu ne suka san waccan.

Sannan mutanen nan suna jin haushin yadda aka ɓata wa Makbet suna. Sarki ne na gaske, ya yi mulki daga 1040 zuwa 1057. A fagen yaƙi ya kashe Duncan, sarkin da ya gabace shi, ba a kan gado yana barci ba kamar yadda wasan ya nuna, kuma Duncan ɗin ba tsoho ba ne. Ƙasar ta zauna lafiya har ya samu sukunin tafiya ziyara Rum a 1050.

Direban_Dogon_Zango:
To ni ban karanta littafin ba. Matan ne suka ce ya kashe sarkin?

MalamAuwal_Adabi:
A'a Baba Direba, ko kusa. Sun gaishe shi da sarautar da yake riƙe da ita, da wata da bai san an riga an ba shi ba, sannan suka ce zai zama sarki nan gaba. Iyakar ta ke nan. Da ta biyun ta tabbata sai zuciyarsa ta fara saƙa. Har ya ce wa kansa in rabo ne zai naɗa shi, to rabo ya naɗa shi ba tare da ya motsa ba. Amma bai iya jira ba, matarsa kuma ta zuga shi. Banquo ma an yi masa albishir cewa zuriyarsa za su yi sarauta, bai kashe kowa ba.

Direban_Dogon_Zango:
Ashe shi ma mai motar nan ne. Shi ya ɗauki wuƙa da hannunsa.

Hajiya_ta_Zango:
Gaisuwa daga Kumasi. 'Ya'yana, kuna ta mamakin Turawa, ku dubi bakinmu mana. Masifa daga musiba take, abin da ya sami bawa, kalmar da muke yi wa innalillahi. Yau in an ce wance masifaffiya ce, ana nufin mai faɗa da tsiwa. Jikokina kuma in abinci ya yi musu daɗi sai su ce yana da masifar daɗi. Daga jarrabawar Allah zuwa yabon miya. Ajali ma wa'adi ne kowane iri, na bashi ko na alkawari, amma yau in ka ce ajalinsa ya zo kowa ya san mutuwa ce. Ita kanta ƙaddara, wa ya taɓa jin an ce ƙaddara ta faɗa wa wane don ya samu kujerar Makka? Sai in gobara ko haɗari. Alheri kuwa mu ce rabo.

MaiSaiwarKalma:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, misalin masifa ya fi duk bayanin da na yi. Kuma abin da kika lura da shi game da ƙaddara ya faru da Turanci. Doom asalinta hukunci ne kawai, na alƙali ko na sarki, mai daɗi ko marar daɗi, yau halaka take nufi. Fatal daga fate take, yau abin da ke kisa take nufi.

DanDamagaram:
Sannunku. Mu da muka yi lakwal da Faransanci, destin muka sani, abin da kuke ce wa weird kuma bizarre muke cewa, babu dangantaka tsakaninsu. Amma akwai wata da ta bi irin wannan hanyar. A Latin fatum na nufin abin da aka furta, daga aikatau mai ma'anar yin magana. Rumawa suna kiran matan ƙaddararsu Fata. Wannan kalmar ce ta zama fée a Faransanci, 'yar aljanar tatsuniya, daga nan Ingilishi ya samu fairy. Kun ga nan ma matan ƙaddara sun ƙare a labarin yara. Ni ina ganin ba laifin ɗan kallo ba ne kaɗai kamar yadda Malama Ummu ta ce. In mutane suka daina tsoron abu, sunansa yakan yi sauƙi a baki.

Ummu_Hanan:
Malam na Damagaram, ban yarda gaba ɗaya ba. Mu ba mu daina tsoron musiba ba, amma ga masifar daɗi a bakin jikokin Hajiya. Yawan amfani ne yake cinye kalma.

Kabiru_Zariya:
Ni fa ban ga amfanin wannan dogon zance a kan kalmar Turawa ba. Namu harshen nawa muka bincika? Yaranmu ba su san ma'anar rabin karin maganarmu ba muna nan muna tonon kakannin Ingilishi.

Sadiya_a_Gilasgo:
Yaya Kabiru, ai ba don tonon nasu ba da Hajiya ba ta kawo mana masifa da ajali ba, da Malam Sani bai raba mana kadara da ƙaddara ba. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne su suna iya cewa kalma kaza ta bayyana a rubutu shekara kaza da ma'ana kaza, domin sun yi ƙamus na tarihi. Mu muna da rubutun ajami na ɗaruruwan shekaru, ga waƙoƙin masu jihadi, ga ƙamusun Bargery na 1934, kayan aikin suna nan. Masu zaman yi ne babu.

Kabiru_Zariya:
To a nan muna tare. A fara da rabo. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, wa ya san tun yaushe ake faɗin ta?

DalibinAdabi_22:
Rabo ma tana da 'yan'uwa a ma'ana. Girkawa moira suke cewa, kuma kaso take nufi, abin da aka yanka maka in ana rabo. Kismet da ke cikin Turanci daga Turkanci ta shiga a ƙarni na 19, su kuma daga ƙisma ta Larabci, rabo dai. Wyrd ce ta fita daban, ba ta maganar kaso ko furuci ko rubutu, sai abin da ya kasance.

Gwani_na_Tsangaya:
Shi ya sa na ce tun farko ba ta da mai ita a cikin ginin kalmar. Rabo yana buƙatar mai rabawa, rubutacce yana buƙatar mai rubutawa. Abin da ya kasance kuwa, kasancewa kawai ya yi.

MaiSaiwarKalma:
Allah gafarta Malam, saiwar kalma ba ita ke yanke abin da mai magana yake nufi ba. Mu ma muna cewa mai aukuwa ta auku, ba mu ambaci kowa ba, kuma ba wanda zai ce mun kore Mai hukuntawa.

Bakatsine77:
Ni abin da ya tuna mini shi ne zaɓen Amurka na 2024. Gwamnan Minnesota, Tim Walz, ya kira su Trump da wannan kalmar a talabijin, ta zama abin yayi na makonni, ba a daɗe ba Kamala Harris ta ɗauke shi ɗan takarar mataimakinta. Lokacin gidajen rediyonmu sun sha wahalar fassara ta.

MalamAuwal_Adabi:
Wahalar da nake ciki ke nan. In zan yi wa ɗalibai bayanin matan nan da Hausa, me zan ce? Na saba cewa mayu uku.

Hajiya_ta_Zango:
A'a Malam, ba mayu ba ne. Maye kurwa yake kamawa, mutum ya yi ta ramewa yana kiran sunansa. Waɗannan da kuka kwatanta ba su kama kurwar kowa ba, labarin gobe suka ba shi. 'Yan duba ne, ko bokaye tunda akwai tukunya.

DalibinAdabi_22:
Hajiya, akwai wurin da ɗayarsu ta yi alwashin hana wani matuƙin jirgin ruwa barci har ya bushe ya ƙanjame, don kawai matarsa ta hana ta abin da take ci. Wannan ai aikin maita ne sak. Kuma rubutun weyward na 1623 bai kamata a share shi ba, akwai masanan da suke ganin Shekspiya ya so a ji wayward a ciki, wato kangararru, Theobald ne ya rufe wannan ƙofar.

Nana_Unguwarzoma:
Ɗan duba ana zuwa wurinsa ne a biya shi. Su waɗannan su suka tare shi a hanya ba tare da ya nema ba. Ni da aljanu suka fi yi mini kama, tunda an ce ɓacewa suka yi a iska yana tsaye.

MaiSaiwarKalma:
Daga baya shi ya koma neman su da ƙafarsa, Malama Nana, kuma a zuwa na biyun ne suka ba shi maganganu masu harshen damo da suka kai shi ga halaka. Malam Auwal, ni da zan bar wa ɗalibai sunan yadda yake, in gaya musu abin da Holinshed ya ce, in karanta musu kwatancin Banquo, su faɗi da bakinsu abin da suka gani.

Gwani_na_Tsangaya:
Ko me za ka kira su, Malam, kada dai ka ce musu matan ƙaddara a gaban yara ba tare da bayani ba. Bokaye ya fi kusa a wurina, domin boka ne yake haɗa gaskiya ɗaya da ƙarya ɗari, kuma wanda ya je wurinsa ya gaskata shi mun san hukuncinsa. Malam MaiSaiwa, layin nan na 455, in akwai hali ka kawo mana abin da ya zo kafinsa kaɗan. Ina so in ga ko jarumin ya ambaci Ubangiji a cikin wasiyyar tasa.